Daga Cakulkuli Zuwa Ambiyans: Tarihin Kalmomin Jin Daɗi a Ƙasar Damagaram

Kalmomin da mutane ke bayyana jin daɗi da su suna cikin waɗanda suka fi saurin tsufa a kowane harshe. Sunan gero ko na rijiya yakan yi shekaru ɗaruruwa bai motsa ba, amma kalmar da saurayi ke faɗa idan abu ya ƙayatar da shi da wuya ta kai ga jikansa ba ta sauya kama ba. Masana Hausa suna kiran irin waɗannan kalmomi na yayi da sunan sara. Kalma ce da wani rukunin jama'a, galibi samari ko sojoji ko ƴan tasha, ke ƙirƙira, ko su aro, ko su karkatar da ma'anarta, ta yi tashe na wani lokaci, daga nan ko ta mutu ko ta sami gindin zama har dattawa su riƙa faɗinta ba tare da sanin inda ta fito ba. Ƙasar Damagaram, daga birnin har garuruwan kudu irin su Dogo da Bande da Magarya, wuri ne da ake ganin wannan al'amari a sarari, domin harsuna da dama ne suka zuba kalmominsu a Hausarta, ciki har da Larabci, Barbarci, Faransanci da Ingilishi.

Yadda Turawan Ingila suka bi sawun tasu

Ingilishi yana da amfani wajen fahimtar batun saboda masu shi sun daɗe suna rubuta sararsu tare da shekarar da aka fara ganin ta a takarda. A 1785 Francis Grose ya buga ƙamus na maganganun ɓarayi da ƴan caca da matuƙan jirgin ruwa. John Camden Hotten ya biyo baya da nasa a 1859, Eric Partridge kuma a 1937. Babban ƙamusun Oxford, wanda aka fara fitarwa kashi-kashi a 1884 aka kammala a 1928, shi ya kafa ƙa'idar da ake bi har gobe: kowace ma'ana ta kalma sai an kawo mata jimla mafi tsufa da aka samu a rubuce, da sunan littafin da shekararsa.

Da wannan ƙa'ida aka san tarihin “tickled”, kalmar da Bature ke faɗa idan abu ya ba shi dariya ko ya faranta masa rai. Asalinta cakulkuli ne, na yatsu a hammata ko a tafin ƙafa. Tun ƙarni na 14 aka ɗauke ta daga fata aka kai ta zuci, har mawaƙin nan Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi amfani da ita da wannan ma'ana a bakin wata mace mai tuna ƙuruciyarta. To amma kalma idan ta daɗe a baki takan yi lami, sai masu ita su ƙara mata gishiri. A Amurka cikin ƙarni na 19 aka riƙa cewa cakulkulin ya kai mutum ga mutuwa, a farkon ƙarni na 20 kuma aka koma cewa ya sa fatarsa ta yi ja-ja, wato “tickled pink”. Wannan magana ta masu farar fata ce kaɗai, tunda su ne jini ke nunawa a fuskarsu idan sun ƙyaƙyata.

Ta biyu, “chuffed”, ƴar Ingila ce, da wuya a ji ta a bakin Ba'amurke. Ta bayyana a rubuce cikin shekarun 1950 a bakin sojoji, lokacin da ake tilasta wa samarin ƙasar aikin soja, abin da ya sauƙaƙa mata shiga gidaje da mashaya. Sai dai sojojin ba su ne suka haife ta ba. Tushenta wata tsohuwar kalma ce ta ƙauyawa, “chuff”, wadda ke nufin mai kumburarrun kumatu, daga nan ta koma mai ji da kansa, mai murna. Ƙamusun karin harsunan Ingila na Joseph Wright, wanda ya fito tsakanin 1898 da 1905, ya nuna cewa a wasu yankuna wannan lafazi yana nufin mai fara'a, a wasu kuma mai ɗaure fuska. Shi ya sa aka daɗe ana iya jin soja ya faɗi kalmar yana nufin ransa ya yi fari, wani ya faɗe ta yana nufin ransa ya ɓaci, sai muryar mai magana ta raba gardama. A yau ma'anar murna ce ta rinjaya.

Ciki, rai da harshe

Hausa ma daga jiki ta faro. Bahaushe ya ajiye murna da ɓacin rai a cikinsa, ya ba su launi: farin ciki da baƙin ciki. Ransa yakan yi fari ƙal, zuciyarsa takan yi sanyi, domin a ƙasar da rana ke dukan mutum wata tara a shekara, sanyi alheri ne. Daɗi kansa na harshe ne kafin ya zama na rai, haka garɗi, haka zaƙi. Manomin rake a fadamun Korama, kusa da Dogo, da kalma ɗaya yake yabon rakensa da muryar zabiya. Wanda murna ta kai masa iyaka kuwa, bakinsa har kunne, kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha.

Abin da ya faru da kalmar sojojin Ingila yana da ɗan'uwa a nan, har biyu. Idan aka ce an sosa wa mutum inda yake masa ƙaiƙayi, an faranta masa. Idan aka ce abu ya sosa masa rai, an ɓata masa. Susar ɗaya ce, wurin ne ya bambanta. Haka kumburi: maroƙi ya wasa basarake kansa ya kumbura, wannan daɗi ne, maigida ya shigo ya cika fam yana batsewa, wannan fushi ne, yara sai su nemi wurin ɓuya. Akwai kuma kalmar da ta tashi daga wani gefe ta koma wani ɗungurungum. Burga barazana ce, cika baki don a tsorata abokin gaba, amma yau idan budurwa ta ce saurayi ya burge ta, ba tsoro take nufi ba.

Kalmar da ta fi nuna yadda Bahaushe ke kallon jin daɗi ita ce santi. Ana zaune a kan akushi, tuwo da miyar da ta ji daddawa da man shanu, sai wani ya kai loma ya fara zuba zance marar kan gado, ko ya hau yabon mai girki ba wanda ya tambaye shi. Nan take a ce ya yi santi, a fashe da dariya. Abin kunya ne ga babba daɗi ya kwance masa baki a gaban jama'a, shi ya sa ake horon yara da yin shiru wajen cin abinci. Jikoki kuwa tarko suke ɗanawa: “Kaka, yaya miyar tamu ta yau?” Tsoho mai wayo sai ya ɗaga hannu kawai, ba zai tanka ba sai ya wanke. Wannan tsokana reshe ce ta wasan barkwanci da ke tsakanin jika da kaka, tsakanin taubasai, da tsakanin al'ummu kamar Barebari da Fulani ko Gobirawa da Zabarmawa, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014.

Abin da malamai da fatake suka kawo

Daular Damagaram ta kafu ne a wajejen 1730 a hannun zuriyar wani malami daga Barno, ta kuma daɗe tana kai gaisuwa ga Barno. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaimanu ya mai da fada garin da Turawa ke kira Zinder. Sarki Tanimun, wanda mulkinsa mai tsawo ya kama daga 1851 zuwa 1884, ya ƙarfafa ganuwa, ya sa aka ƙera igwa, ya mai da garin babban zango a hanyar da ta haɗa Kano da Kukawa da Agadas har Tarabulus. A cikin garin, unguwar Birni ta sarauta ce da malamai, unguwar Zango kuma ta fatake da Buzaye da Larabawa. Sarautun fada irin su Ciroma da Galadima da Kaigama daga Barno suka zo, kuma masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa karatu da rubutu da kasuwa ta hannun Barebari suka shigo Hausa.

Ta irin waɗannan hanyoyi, na allo da na ayari, kalmomin Larabci na jin daɗi suka bazu a ƙasar Hausa baki ɗaya, kuma kusan babu wadda ta iso da ma'anarta ba ta goce ba. A Larabci asalin nishaɗi kuzari ne da himmar aiki. A Hausa ya zama abin da ake nema bayan an tashi daga aiki. Raha hutu ce, ta koma hira mai ban dariya. Tushen shagali aiki ne da hidima, ya koma biki da kiɗa, ko da yake ƴar'uwarsa shagala ta riƙe wani abu na asali, wato abin da ke ɗauke hankali. Sha'awa a Larabci ta fi kusa da kwaɗayin jiki, a Hausa kuwa ana cewa jariri yana da ban sha'awa ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Fara'a murna ce a can, a nan sakin fuska. Annashuwa ta zo da harafin Larabci na farkon suna manne da ita, kamar yadda ya manne wa albasa da alƙali da annabi, kuma asalinta ya haɗa har da shauƙin da maye ke sawa.

Albishir ma haka, amma shi har al'ada ya haifa. Yarinya ta shigo gida da gudu ta ce wa yayar mahaifinta, “Gwaggo, albishirinki!” Gwaggo ta ce, “Goro.” “Fari ko ja?” “Fari tas.” Sai sannan za a faɗa mata an haihu, kuma tukuici ya zama dole.

Duk waɗannan baƙi ne a wani zamani, maganar almajirai da ƴan kasuwa masu nuna sun zaga duniya. Yau ba mai yi musu kallon baƙi. Dattijon da ke faɗan samari sun ɓata Hausa da kalmomin aro, yana kiran a koma ga nishaɗi da raha irin na da, da kalmomin aro yake faɗan.

Yaron Dambanas

Damagaram tana da hannu a farkon rubuta Hausa da boko, ta wata hanya mai ban tausayi. Dorugu yaro ne daga Dambanas, a yankin Kance, wanda aka kama bawa yana ƙarami aka kai Barno. Bajamushen matafiyi Adolf Overweg ya ƴanta shi, bayan rasuwar Overweg a 1852 ya koma hannun Heinrich Barth, ya bi shi har Tumbutu, sannan Barth ya tafi da shi Ingila a 1855 tare da wani saurayi mai suna Abbega. A can ya zauna da James Frederick Schön, ɗan mishan mai nazarin Hausa, ya yi ta ba shi labarai da tatsuniyoyi da tarihin rayuwarsa. Nahawun Schön na 1862, ƙamusunsa na 1876 da littafin Magana Hausa na 1885 duk sun jingina sosai ga abin da ya fito daga bakin wannan yaro. Cikin labaran har da yadda ya ga Turawa suna liyafar cin abinci, ya kwatanta su da idon baƙo mai lura. Dorugu ya komo Afirka, ya ƙare rayuwarsa a Kano yana koyarwa a makarantar Baturen da ake kira Ɗan Hausa, ya rasu a 1912.

Muhimmancin wannan ga mai bin tarihin kalma shi ne, maganar Dorugu Hausar baka ce ta tsakiyar ƙarni na 19, daga bakin talaka, kafin Faransanci ko Ingilishi su taɓa ta. Rubutun ajami na wancan zamani akasari waƙoƙin wa'azi ne da wasiƙun sarakuna, kuma mai wa'azi ba ya rubuta kalmar dandali sai in zai tsine mata. Bayan Schön aka sami ƙamusun Robinson a ƙarshen ƙarnin, na Mischlich da Jamusanci a 1906, na Landeroin da Tilho da Faransanci, sai na Bargery a 1934 mai kalmomi wajen 39,000, da na Abraham a 1949.

Iyaka ɗaya, Turanci biyu

A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, a Yulin 1899 kuma sojojin Faransa suka ci garin bayan yaƙin Tirmini. Daga 1911 zuwa 1926 nan ne hedikwatar mulkin mallaka na Nijar, kafin a mai da ita Yamai. Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906 suka ja layi tsakanin Damagaram da Daura da Kano, ayarin Tilho ya bi ya kafa alamomi. Tun daga nan Hausar arewacin layin take aro daga Faransanci, ta kudu daga Ingilishi: lakwal da mushe da kumandan a nan, ofis da hedimasta da di'o a can.

Sai dai layin bai hana kowa wucewa ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a wancan zamani gyaɗar Magarya da Matamai ta nan take fita, samari kuma suna tafiya cin rani bayan kaka su dawo da kaya da sababbin maganganu. Dogo tana bakin hanyar da ta taso daga Damagaram ta bi Bande da Magarya ta shiga Najeriya, kuma garin da ke kan irin wannan hanya kunnensa biyu ne. Shi ya sa Hausar yankin ke ɗauke da mota da direba da asibiti na Ingilishi, a gefe guda da kamiyo da kado na Faransanci. Kalmar bariki kanta, daga sunan mazaunin sojoji a Ingilishi, ta zama sunan wata irin rayuwa: ɗan bariki shi ne wanda ya bar gaban iyaye ya iya duniya, kuma a bakin ƴan bariki ne aka fi ƙera sara.

Kalmar Ingilishi da ta fi kowace samun gindin zama a wannan fage ita ce gaye. Asalinta sunan mutum ne, Guy Fawkes, wanda aka kama a ranar 5 ga Nuwamba 1605 yana shirin tarwatsa majalisar Ingila da albarushi. Kowace shekara yara sukan yi mutum-mutuminsa da tsummoki su ƙona, har sunan ya zama na duk wanda ya yi shiga ta ban dariya. A Amurka cikin ƙarni na 19 zagin ya kaɗe, kalmar ta koma nufin namiji kawai. Ta iso garuruwan Afirka ta Yamma zamanin silima da faifan garmaho, ta zama sunan saurayi ɗan birni mai iya ado, Hausa ta karɓe ta ta yi mata dangi: ɗan gaye, ƴan gayu, ya sha gayu, ya ɗau gayu. Kalmar da aka fara da ita don yi wa mai tsumma dariya ta ƙare a kan mai shadda da turare.

Waigi ta ƴan mota ce. Katako ne da karen mota ke cusa wa tayar babbar mota a kan gangara don kada ta zame, sunan kuma daga Ingilishi. Wani mai barkwanci da ba a san ko wane ne ba ya ɗauko ta daga tasha ya kai ta kan akushi, ta yadda in mutum ya fara santi sai a ce a kawo masa waigi. Irin wannan aro ya fi nuna ƙarfin harshe a kan rauninsa, domin ba rashin kalma ya sa aka yi shi ba, neman abin dariya ne.

Fet, teyatur da ambiyans

Faransanci ya shigo da nasa ta hanyar hukuma da lakwal. Bukukuwan ƙasa na 3 ga Agusta da 18 ga Disamba fet ne, rawar dare ta ma'aikata bal ko suware, makaɗan zamani orkes. Bayan juyin mulkin Seyni Kountché a 1974 aka farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, aka kuma fara bikin matasa na ƙasa, wanda na farkonsa a Damagaram aka yi a 1976. A wannan zamani wasan kwaikwayo na Hausa, wanda jama'a ke kira teyatur, ya yi tashen da bai taɓa yi ba, ƙungiyar gidan rediyo ta Damagaram ƙarƙashin Yazi Dogo, malamin makaranta ɗan yankin Dogon Dutsi, tana kan gaba. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi ba ƴan kallo dariya shi ne ma'aikacin da ba ya iya ƙare jimla bai jefa Faransanci ba. Garin da ma ya saba da irin wannan shaguɓe, tunda yana da wasan kara, inda samari ke kwaikwayon sarakuna da manyan gwamnati da kayan da aka ƙera da karan dawa. Waɗannan wasanni ba a rubuta su kalma bayan kalma; a wajen gwaji ake tsara su, kowa ya zuba nasa, don haka sarar wancan zamani tana cikin kaset ne kawai da kawunan waɗanda suka kalla.

Ambiyans kuwa a Faransa yanayin wuri take nufi, mai daɗi ko marar daɗi. A Kinshasa da Abijan aka taƙaita ta ga shagali, aka ƙera mata aikatau da sunan mai aikatawa, wato gwanin tayar da taro. Da wannan ma'ana ta Afirka ta iso Nijar ta hanyar kiɗa da ƴan ci-rani, ba da ta littafin lakwal ba.

Akwai wata da tafiyarta ta fi wannan nisa. Kalmar Ingilishi “enjoy”, ta jin daɗi, daga tsohon Faransanci Ingilishi ya aro ta tun ƙarnonin tsakiya. Samarin titunan Abijan, masu zaurancen da ake kira nushi, suna da “s'enjailler”, wadda akasari ake dangantawa da ita. Kiɗan kupe-dekale na shekarun 2000 ya yaɗa ta a ƙasashe masu Faransanci har unguwannin Faris, ƙamusun Petit Robert kuma ya shigar da ita a bugun 2017. Ta fita daga Faransa, ta yi ɗaruruwan shekaru a Ingila, ta bi ta gaɓar Afirka, ta koma gida da sabuwar riga.

Fada, fim da waya

Tun shekarun 1990 matattarar samari a garuruwan Nijar ita ce fada: tabarma ko benci a bakin titi, gawayi, ƴar butar shayi, zagaye uku ana hira har dare ya raba. Sunan daga fadar sarki aka aro shi, kamar yadda gungun samarin unguwanni irin su Kara-Kara suka aro kalmar Faransanci ta fadar sarki, “palais”, suka raɗa wa nasu, waɗanda Aicha Macky ta yi fim a kansu a 2021. A fada ake gwada sabuwar kalma. In ta ba da dariya ta rayu, in ba ta ba da ba a nan za ta kwana. Ba abin mamaki ba ne a ji saurayi yana ba da labarin biki ya ce an yi ambiyans, ango ya sha gayu, an cashe har asuba, kowa ya yi nishaɗi. Faransanci, Ingilishi, Hausa da Larabci ke nan a numfashi ɗaya, kuma mai maganar Hausa kawai ya san yana yi.

Daga kudu kuma finafinan Kano suka buɗe wata ƙofa tun daga 1990. Maganar da ɗan wasan barkwanci irin marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya jefa a fim, kafin wata ya zagayo an ji ta a Damagaram da Maraɗi da Agadas. Holewa, shanawa, sharholiya, abu ya haɗu, abu ya tsaru: galibin sarar wannan zamani ba aro ba ce, tsofaffin kalmomin Hausa ne aka juya. Haɗuwa ta mutum biyu ce a hanya, ta koma cikar kyau. Wayar hannu ta ƙara wa abin sauri, ta kuma sake fito da tsohuwar iyakar nan ta Tilho a inda ba a zata ba. Ɗan lakwal a Damagaram idan abu ya ba shi dariya a WhatsApp yakan rubuta “mdr”, gajarcen Faransanci na mutuwa don dariya, takwaransa na Kano ya rubuta “lol”, alhali in da baki ne dukansu cewa za su yi abin ya kashe su da dariya.

Giɓin da ya rage

Hausa ba ta rasa ƙamusoshi ba. Bayan na Turawan farko akwai na Paul Newman da Roxana Ma Newman, akwai ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini a Nijar, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Amma dukansu ma'ana suke bayarwa, wani lokaci da asalin kalma, ba sa bin ta shekara bayan shekara da hujjar rubutu kamar yadda aka yi wa kalmomin Ingilishi. Kuma da yake yawancinsu a kan Hausar Najeriya aka gina su, kalmomin da suka shigo ta Faransanci su ne suka fi faɗuwa ƙasa ba a tsince su ba.

Kayan aikin kuwa suna nan. Akwai labaran Dorugu, akwai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, akwai waƙoƙin makaɗan fadar Damagaram irin su Ma'azu Ɗan Alalo, da kaset-kaset na teyatur a rumbun gidan rediyon ƙasa, da littattafan soyayya da suka cika kasuwa tun shekarun 1980, waɗanda suka fi kowane rubutu kama maganar samari yadda take. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Harshen da aka ɗora wa wannan nauyi yana bukatar ƙamus mai tarihi, wanda zai karɓi gaye da waigi da ambiyans kamar yadda na baya suka karɓi nishaɗi da raha. Jami'ar André Salifou da ke Damagaram ce ta fi kusa da masu maganar, kuma ya kamata a fara da juyar da kaset-kaset ɗin zuwa kwamfuta tun zafi da ƙura ba su gama cinye su ba.